Babban yatsa a kan takarda: daga Asibitin Zana zuwa Kwandiko

Sai bayan sallar isha'i muka isa, ni da kawuna, kowannenmu ƙura har gira. Tun la'asar aka kawo 'yarsa wani asibitin kuɗi da ba zan kama sunansa ba, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kwana guda cur tana abu ɗaya a gida kafin a samu mota. Mijinta yana Fatakwal ci-rani. Inna ce ta rako ta, aka ce mata sai namiji ya zo. Kawu kuwa yana kasuwar Sara da awakinsa, sai da aka aika yaro a kan babur ya nemo shi.

Malamin asibitin da ya tare mu saurayi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya, ga alama tun safe bai zauna ba. Ya zaro takarda daga cikin wani fayil.

"Baba, kai ne mahaifinta? Tiyata za a yi mata. Sa hannu a nan."

"Yaro, ai ban yi boko ba."

"Ba komai, Baba. Kawo babban yatsanka."

Ya buɗe ɗan gwangwanin tawada mai shuɗi, ya kama yatsan kawu ya danna a ciki, ya danna a ƙasan takardar. Kawu ya dube ni ya ce in duba masa abin da aka rubuta. Turanci ne, layi kamar takwas, an yi ta kwafarsa a inji har wasu haruffan sun dusashe. Kafin in gama karantawa malamin ya taƙaita mana: "Cewa aka yi kun yarda, in wani abu ya faru ba ruwan asibiti." Kawu ya goge yatsansa a gefen riga, ya ce Allah ya sa a yi a sa'a.

An kuwa yi a sa'a. Uwa da ɗa duk sun tashi, likitan ya yi aikinsa da kyau, har gobe kawu yana sa masa albarka. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Matar da za a yanka ɗin tana kwance taku goma daga inda muke, cikin hankalinta, shekarunta sun haura 20, tana jin duk abin da ake faɗa ta bayan labule. Ba wanda ya leƙa ya ce mata uffan.

Kwandiko, garin su kawu, mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwaram, a kudancin Jigawa, ƙasar da ta jingina da Bauchi. Mutumin nan in ciwo ya fi ƙarfin kemis da ɗan asibitin da ke kusa, sai ya nufi Gwaram, ko Birnin Kudu inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, ko Dutse, in abin ya yi tsamari kuma sai Kano. Duk inda ya je, akwai wata takarda da ke jiransa. Abin da ya ɗauka game da ita shi ne abin da malamin nan ya faɗa wa kawu: takardar yafe jini ce, ka dangwala ka sallama. A doka kuwa ba haka take ba ko kaɗan. Kuma babu inda aka ja wannan magana ta yi tsawo, aka kashe kuɗi da shekaru a kanta, kamar Kano, jihar da Jigawa ta fita daga jikinta a 1991.

Bazarar 1996

Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta da sanƙarau ɗin 1996 ba. A Najeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa, akasari yara. Ga ƙyanda ga amai da gudawa duk a lokaci guda. Mulkin soja ne, zamanin Janar Sani Abacha. A Kano, asibitin cututtuka masu yaɗuwa da aka fi sani da Asibitin Zana ya cika ya batse, marasa lafiya har a ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta Nagari Na Kowa tana wurin tana ba da magani kyauta, maganin da aka daɗe da saninsa, chloramphenicol.

A cikin wannan hali, a watan Afrilu, tawagar kamfanin magunguna na Pfizer ta sauka daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba shi lasisin sayarwa ba. Kamfanin yana neman shaidar cewa maganin na aiki a kan sanƙarau a jikin yara, kuma irin yawan yaran da ake buƙata don gwaji ba a samunsu a Amurka. Aka ɗebi yara kimanin 200, aka raba su gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, wanda shi ingantaccen magani ne, sai dai bayan allurar farko an rage yawan abin da ake ba su ƙasa da yadda aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu sun tashi da kurumta, wasu makanta, wasu shanyewar jiki ko taɓin ƙwaƙwalwa. Bayan kamar mako biyu tawagar ta tattara kayanta ta tafi, annobar kuwa tana nan tana ci.

Adalci ne a faɗi abin da kamfanin ya tsaya a kai tun daga farko har ƙarshe. Ya ce sanƙarau da kansa yana kisa yana nakasawa, ya ce yawan yaran da suka rayu a hannunsa ya fi na sauran wuraren da ake jinya a lokacin annobar, ya ce ma'aikatan jinya 'yan ƙasa sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma iyayen sun amince da baki. Maganar farko gaskiya ce, duk wanda ya ga yaron da sanƙarau ya taɓa ya sani. Shi ya sa tambayar ko Trovan ne ya kashe wane ko ciwon ne ta zama mai wuyar warwarewa, har yau.

Amma iyayen ba a nan suka kafa ƙararsu ba. Cewa suka yi ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Ba wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan, 'yan taku kaɗan, akwai masu ba da sanannen magani kyauta. Ba wanda ya ce musu suna da damar su ƙi. Uwa ta shigo da yaro wuyansa ya sanƙare, ta ga Turawa da fararen riguna, ta miƙa shi. Wa zai ga laifinta? Kamfanin kuma bai iya fito da takardun amincewa masu sa hannu ko dangwalen iyayen ba.

Akwai wata takarda ɗaya da ya fito da ita, ita ce kuma ta ƙara dagula masa lissafi. Ƙa'ida ce kafin a gwada magani a jikin mutane sai wani kwamitin ɗa'a ya duba ya amince. An nuna wasiƙar amincewa mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996 da sunan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga baya ta bayyana cewa a wancan lokacin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti, kuma likitan Najeriya da aka sa a matsayin jagoran gwajin ya amsa cewa an rubuta wasiƙar ne daga baya aka mayar da kwanan wata baya.

Shi kansa maganin bai yi dogon kwana ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 1997, don manya, ba a taɓa amincewa da shi don yara ba. A 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, Amurka ta taƙaita amfani da shi ƙwarai, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi.

Shekara 15 tsakanin allura da diyya

Shekara huɗu maganar tana kwance. A Disambar 2000 jaridar Washington Post ta tono ta a cikin jerin rahotanni kan yadda kamfanoni ke gwada magunguna a ƙasashe matalauta. Abin kunya ne gare mu 'yan jarida na gida cewa sai da aka buga a Washington kafin Kano ta girgiza. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya gama aikinsa a 2001 ya ce gwajin haramtacce ne, na maganin da ba a yi wa rajista ba. Rahoton ya shige aljihun tebur ya kwanta, sai a 2006 wani ya tsegunta wa jaridar nan dai.

Iyalan sun bi hanya biyu. A Kano an shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya a 2001, ta yi ta shan ɗage zama, alƙali ya canja, har masu ƙara suka gaji suka janye. A 2001 ɗin kuma wasu suka shigar da tasu a New York, suna dogaro da wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 da ta ba baƙo damar kai ƙara a kotun Amurka in an keta dokar ƙasa da ƙasa a kansa. Kotun farko ta kore su fiye da sau ɗaya, tana cewa su koma gida a yi musu shari'a. Su kuma suna cewa gidan ne ya gagara.

A Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka da ke New York ta yanke hukuncin da ake karantarwa a makarantun lauyoyi yanzu da sunan Abdullahi da Pfizer. Alƙalai biyu cikin uku suka ce gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba laifi ne da duniya ta haɗu a kan haramcinsa, suka kafa hujja da ƙa'idojin Nurembag na 1947, waɗanda aka tsara bayan shari'ar likitocin Nazi, da sanarwar Helsinki ta 1964, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan adam. Hukuncin bai ce Pfizer ta aikata ba, cewa ya yi iyayen suna da damar a saurare su. Kamfanin ya garzaya Kotun Ƙolin Amurka, a 2010 ta ƙi karɓar ƙorafinsa. A 2011 aka yi sulhu a wannan ɓangare, ba a bayyana sharuɗɗan ba.

A gida kuma, a 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta maka kamfanin a kotu tana neman sama da dala biliyan 2, da tuhumar aikata laifi, Gwamnatin Tarayya ta shigar da tata tana neman kusan dala biliyan 7. A Yulin 2009 Kano da Pfizer suka sasanta a kan dala miliyan 75: miliyan 35 na asusun iyalai, miliyan 30 na ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba. Dubi ratar da ke tsakanin abin da aka nema da abin da aka karɓa, sannan dubi rabon. Ba banza ba Bahaushe ya ce shari'a mace ce da ciki.

Daga nan wata sabuwa ta ɓullo. Wa ke cikin yaran 200? Sama da mutum 500 suka fito. Aka ce sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta an gwada da abin da kamfanin ya adana tun 1996. Iyalai da yawa suka ƙi, wasu lauyoyinsu suka koma kotu. Ka yi tunani: mutanen da ƙorafinsu shi ne an taɓa jikin 'ya'yansu ba da saninsu ba, yanzu an ce kafin a biya su sai sun sake miƙa jikinsu a ɗiba. Sai a Agustan 2011 aka biya iyalai huɗu na farko, dala 175,000 kowanne. Yaron da aka yi wa allura yana shekara biyar, in ya rayu, a ranar ya kai 20.

Ƙofar da suka bi ta Amurka ma yanzu ta kusa rufewa. A 2013, a wata shari'ar da ita ma daga Najeriya ta taso, ta 'yan Ogoni da kamfanin Shell, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙuntata waccan doka ta 1789 a kan abin da ya faru a wajen ƙasarta. In irin wannan ya sake faruwa, a nan gida za a yi ta.

Asarar da ba a saka ta a lissafin dala miliyan 75 ba ita ce ta yarda. A 2003, lokacin da Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, an kawo dalilai iri-iri, har da jita-jitar maganin hana haihuwa da zafin yaƙin Iraƙi. Ba Trovan kaɗai ba ne, kuma ni ina ganin dakatarwar kuskure ce babba, don sai a Yulin 2004 Kano ta koma, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, a tsakanin kuma cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Amma duk wanda ya zauna a majalisar unguwa a lokacin ya san cewa da zarar ma'aikacin lafiya ya fara bayani, wani zai jefo maganar Asibitin Zana, bakin kowa ya mutu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Abin da doka ta ce yanzu

An gyara abubuwa a takarda, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. Akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, da kundin ƙa'idojinsa na 2007. Sai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ce ba a gwaji a jikin mutum sai da rubutacciyar amincewarsa bayan an faɗa masa manufar gwajin da amfaninsa da illarsa, in yaro ne kuma sai da amincewar iyaye.

Amma sashen da ya fi shafar mutumin Kwandiko shi ne na 23, don shi ba gwaji ya tsaya a kai ba, jinyar yau da kullum ce. Ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowacce da haɗarinta da kuɗinta, da cewa yana da ikon ya ƙi, da abin da ƙin zai jawo. Ya kuma ce a yi bayanin, gwargwadon iko, da harshen da mutum yake ji, a kuma lura da ko ya iya karatu ko bai iya ba. Wato layi takwas na Turanci da dangwalen yatsa ba su sauke wannan nauyi ba. Takardar shaida ce kawai cewa an yi magana. In ba a yi maganar ba, shaidar zur ce. Kuma ko an yi, ba ta wanke sakaci: ka yarda a yi maka tiyata, ba ka yarda a mance almakashi a cikinka ba.

Sashe na 20 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Tarar a yau ba ta kai kuɗin tunkiya mai kyau ba, amma dokar tana nan. A 2017 an ƙara wata da ta hana a ce sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa wanda aka harba. A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya guda 12, wanda hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta shirya. A wasu asibitocin za ka gan shi manne a bango, da Turanci, sama da kan mutanen da ke zaune a benci suna jiran kati.

Kotun Ƙolin Najeriya ma ta yi magana sau biyu, duka a kan mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah da ba su yarda da ƙarin jini. A 2001, a shari'ar Dokta Okonkwo, wata mai jego ta ƙi a ƙara mata jini a Inugu, likitan ya mutunta ƙinta, ta rasu, kotun ladabtar da likitoci ta hukunta shi. Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari. A 2019, a shari'ar Esabunor da Faweya, ta ce wannan iko bai kai ga iyaye su hana jaririnsu abin da zai ceci ransa ba, kotu tana iya shiga tsakani. In ka haɗa hukuncin biyu ka kawo su ɗakin da 'yar kawuna take kwance, amsar a fili take. Jikinta ne, yardarta ake nema. Babu dokar da ta ce sai miji ko uba ya sa hannu kafin a yi wa baligar mace tiyata. Al'ada ce, da kuma tsoron ma'aikata kada miji ya dawo ya tayar musu da rigima. Tsoron ba na banza ba ne, an sha yi. Sai dai awannin da ake ɓatawa ana jiran namiji su ne awannin da mahaifa ke fashewa, ko jariri ya galabaita, ko mace ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ya leƙa sashen masu yoyon fitsari na Jahun, inda likitocin Nagari Na Kowa ke aiki tun 2008, ya ga abin da doguwar naƙuda ke haifarwa.

In an cuce ka, ina za ka?

A nan ne takarda da ƙasa suke rabuwa. A ce mutumin Fagam ko Basirka yana ganin sakaci ne ya kashe masa ɗa. Hanya ta farko Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, a Abuja. Zai rubuta ƙorafi da rantsuwar kotu, kwamitin bincike ya duba, in da ƙamshin gaskiya a tura kotun ladabtarwa. Ita tana iya yi wa likita gargaɗi, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga rajista. Ba ta ba da diyya ko ta sisin kwabo. Diyya sai Babbar Kotu, da lauya, da kuɗin mota zuwa zama bayan zama.

A kotun kuma shi ne zai tabbatar da cewa abin da aka yi ya gaza abin da ƙwararren likita zai yi, kuma wannan gazawar ce ta jawo asarar. Wa zai faɗi haka kotu ta yarda? Wani likitan. Samun likitan da zai tsaya ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa a jihar da likitocin duk sun san juna, wasu aji ɗaya suka yi, ba ƙaramin aiki ba ne. Fayil ɗin da komai ke ciki yana hannun asibitin da ake ƙara. In kuma asibitin gwamnati ne, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata uku. Lauyoyi suna da hanyoyin kauce mata a wasu halaye, amma ƙararraki da yawa a nan suke mutuwa tun ba a taɓa gundarin maganar ba. Wata uku! Matar da mijinta ya rasu ba ta ma fita takaba ba.

Kafin duk wannan ma akwai shingen da ke cikin gida. Ranar zaman makoki, in wani ƙane mai zafin kai ya ce sai an bi kadi, dattawa za su ce masa kwana ne ya ƙare, ƙara ba ta dawo da rai, a bar wa Allah. Ba na raina wannan magana, ta riƙe zukata da yawa da da sun tarwatse. Amma ban yarda cewa addini ne ya ce a yi shiru ba. Malaman Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukan Gwaram da Birnin Kudu sun yi maganar lamunin likita tun ƙarnoni. A Muhtasar na Shaihu Halil an kawo cewa mai magani yana ɗaukar lamuni in ya yi aiki da jahilci, ko ya yi sakaci, ko ya yi ba da izini ingantacce ba. Izini, ka ji. Sharaɗin da alƙalan New York suka je Nurembag suka ɗauko yana nan a cikin littafin da ke jingine a bangon zauren malam. Mutum yana da damar ya yafe diyya, kuma yafewar alheri ce, amma sai ya san yana da ita tukuna kafin a ce ya yafe.

Wannan hukunci na malamai ma ya fi dokar Abuja isa inda jama'a suke, don yawancin hannayen da ke taɓa jikin mutumin karkara ba sa cikin rajistar kowace majalisar likitoci. Mai kemis da ke ɗaura ruwa a bayan kanti, mai allura da ke yawo da jaka ranar kasuwa, mai ɗori, wanzamin da ke cire wa jariri beli, ungozomar da ke yankan gishiri in haihuwa ta yi gardama. A cikinsu akwai masu hannu mai albarka, akwai masu ɓarna. Ba mai takarda a cikinsu, ba kuma mai bayani.

Su ma ma'aikatan asibiti a duba musu. Likita ɗaya da layin mutum ɗari a ƙofarsa, in ya ba kowa minti goma na bayani dare zai yi bai ga rabi ba. Wani ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ke ciwo ba. Mu kuma mun taso da kunyar tambaya. "Likita ya fi mu sani," in ji kawu, kuma a wurinsa tambayar likita me ya sa rashin ladabi ne, kamar ka tambayi malami hujja a gaban almajiransa. Sai a haɗu, mai gaggawa da mai kunya, takarda ta shiga tsakani ta raba su lafiya. Amma bayanin da 'yar kawuna take buƙata bai kai minti biyu ba: yaron ya ƙi saukowa, in an jira za a iya rasa shi ko ke, za mu fito da shi ta ciki, kin yarda? Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Sanƙarau bai bar Jigawa ba. A ɓarkewar 2022 zuwa 2023 jihar ce ta fi kowace yawan masu kamuwa a ƙasar. A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, aka fara da Jigawa da Bauchi da Yobe, ana neman sama da mutum miliyan ɗaya 'yan shekara 1 zuwa 29. Wannan ba gwaji ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta tantance allurar kafin a kawo ta. Duk da haka kalmar "ta farko a duniya" tana da wani amo a kunnen wanda ya san 1996, kuma ma'aikaciyar da ke shiga gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa ita ce ke amsa tambayoyin da ya kamata a ce an amsa a Asibitin Zana tun kafin a haife ta. In ta tsaya ta yi bayani, ta faɗi sunan allurar da abin da take karewa da ɗan zazzaɓin da kan biyo baya, akasari uwa takan miƙo hannun yaron da kanta.

Tawadar nan ta kwana uku a yatsan kawu, da ita ya ci tuwon suna saura kaɗan. Yaron yanzu yana makarantar allo. Bara da na je gaisuwar salla na tarar da uwarsa tana tankaɗe a tsakar gida, hira ta kawo mu kan daren, na tambaye ta yaushe ta san tiyata za a yi mata. Ta ce wata mata da ke gadon kusa da ita ce ta gaya mata, tun kafin magariba, don ta ji ma'aikata suna faɗa a tsakaninsu. Na ce to da an tambaye ki fa? Ta ɗaga rariyar ta karkaɗe ta a gefen ƙwarya.

"Haba Yaya. Ai da tun la'asar na ce a yi."